Ƙwaryar Kawu da Muryoyin Zongo

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma Kawu ya riga mu komawa. Ya cika da hantsin wata Laraba cikin damina, a gidansa na Zongo, nan Kwatano, matarsa Inna tana riƙe da hannunsa. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. Na yi aiki a shagonsa tun ina budurwa har na aurar da 'yata ta fari. Karatuna na lakwal, wato makarantar boko, bai yi nisa ba, amma abin da na gani na riƙe shi, kuma zan faɗe shi bi da bi, don Kawu ba ya son a fara labari daga wutsiya.

Zan fara da masu gaisuwa.

'Yan zemijan, masu haya da babur, su suka fara ba ni mamaki. Ba wanda ya ce musu komai, amma duk wanda ya shigo layinmu sai ya kashe inji ya tura babur da hannu har ya wuce ƙofar gida. Limamin masallacinmu ya ce tun da ya san Kawu bai taɓa ganin ya katse wa mutum magana ba, ko da mutumin ƙarya yake yi. Maƙwabciyarmu mai burodi, wadda ba Musulma ba ce, ta yi kuka da ƙarfi har mata suka ja ta ɗaki suka ce mata mu ba haka muke yi ba. Ta ce ta sani, amma ita haka ta iya.

Wata tsohuwa mai goro ta taso daga kasuwar Dantokpa a ƙafa. Ba ta gaida kowa ba. Ta zauna a bakin zaure ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, sannan ta tambayi iska wa zai riƙe musu maganarsu yanzu. Daga nan maganar ta zama ɗaya a bakin kowa. Wannan ya ce mahaifinsa yana cikin injin Kawu. Waccan ta ce kakarta tana ciki tana waƙar daka. Wani direban babbar mota da ya zo daga arewa ya ce bai san fuskar kakansa ba, muryarsa kaɗai ya sani, kuma a shagon Kawu ya ji ta.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Bayan addu'ar uku ta aika aka kira ni ɗakin da take takaba. Sunan mahaifiyar Kawu aka sa mini, shi ya sa shi yake ce mini Uwata, ita kuma Suruka.

"Suruka," ta ce, "na ji kowa yana cewa nasa na cikin injin nan. Tasa muryar tana ciki?"

Na ce ba yadda za a yi a rasa.

"To nemo mini. Hoto ba ya ce mini komai."

Na amsa mata da to. Ban san abin da ke jira na a shago ba.

Ga yadda abin yake. Lokacin da ciwo ya kwantar da Kawu, tsohuwar kwamfutar shago ta mutu ita ma. Shi inji yake ce mata, haka mu ma muka saba. Babban ɗansa, taubashina, mai sayar da atamfa a Dantokpa, ya ɗauki injin ya kai wa wani mai gyara a unguwar Sainte-Rita. Mai gyaran ya yi aikinsa tsakani da Allah: ya ciro rumbun da ke riƙe da ajiyar, ya sa shi cikin wani inji. Muryoyin duk suna nan, dubbai, amma kowace da lamba kawai a bayanta, yadda rikoda ta sa musu. Sunan mai magana yana can cikin faifan kowace murya, Kawu ya rubuta shi da ajami. Akwai wani jerin umarni da ya rubuta wa injin, wanda ke bin faifan nan ɗaya bayan ɗaya, ya karanto sunayen, ya tara su, ya fito da jagora: wannan lamba muryar wane ce, ɗan wane, daga gari kaza. In ba jagora, neman mutum ɗaya a ciki aikin shekaru ne.

Na kunna sabon injin, na saki jerin umarnin yadda nake yi kullum. Jagora ta fito, amma ba suna ko ɗaya. Inda ajami yake sai wasu alamu: kusurwoyi kamar na akwati, layuka a tsaye, baƙaƙen tabo, haruffan boko da rawani bisa kansu. Shafi bayan shafi.

Taubashina yana tsaye a kaina. Ya kira wani dattijo da ke zaune a bakin masallaci ya zo ya duba. Dattijon ya sa tabarau, ya matsa, ya ja da baya, ya ce wannan ai hatimi ne, ga gidajensa nan a fili. Kafin la'asar magana ta zaga Zongo. Wasu suka ce Kawu ne ya kulle injin da hatimi kafin ya tafi, don kada a taɓa matattu bayansa. Wasu suka ce wani mahassadi ne ya yi aiki. Har tofi aka kawo mini a kofi in shafa wa gilashin. Na karɓa da hannu biyu na ajiye, ban shafa ba, don ruwa da inji ba sa jituwa.

Taubashina bai yarda da hatimi ba. Shi cewa ya yi birus ne, cutar inji, ta cinye komai. Ya ce mai shago, wanda ya ba Kawu haya, yana son ɗakinsa bayan addu'ar arba'in, injin kuma za a wanke shi tas a ba yara su yi aikin lakwal da shi. Ba mugunta ba ce. Mutum ne da ba ya iya ganin takalmin ubansa a bakin ƙofa, yana so a kwashe komai daga gabansa. Na ce ya ba ni zuwa arba'in ɗin.

"Madam sakatare," ya ce, "ke da shi duk ɗaya kuke. Ku zauna gaban akwati kuna jira ya yi muku magana."

Na ce gara mu da wanda yake auna yadi da hannu yana ɗage yatsa. Da a da ne sai ya rama. Ranar bai rama ba, ya juya ya fita.

Kafin in faɗi yadda ta ƙare, dole in koma baya in faɗi ko wane ne mai injin.

A zamanin juyin juya hali Kawu yana aikin teles a wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Teles inji ne da ake buga saƙo a nan ya fito a takarda a wata ƙasa. Lokacin kowa yana magana yana duba bayansa. Da abubuwa suka lalace, kamfanin ya rufe, Kawu ya dawo gida ya zauna. Sai aka yi babban taron ƙasa, mulki ya sake, bakin mutane ya buɗe. Kowa ya kafa ƙungiya, kowa ya kafa jam'iyya, jaridu suka cika titi, kuma duk wanda ya kafa abu yana bukatar a buga masa takarda. Kawu ya kama ɗaki kusa da masallaci ya sa tafireta. Daga baya ya sa kwamfuta. Ya koya wa kansa ita da littattafan da yake saye a hannun masu baza tsofaffin takardu a ƙasa. Mahaifiyata ta kai ni wurinsa ta ce ga ta nan, ba ta da fara'a amma ba ta ɓatar da abu. Ya ce abin da yake nema ke nan.

Wata shekarar zaɓe, a wani taro, wani saurayi ya miƙe ya ce mutanen Zongo baƙi ne, su koma garinsu su yi zaɓe. Kawu yana wurin. An haife shi a Zongo, an haifi ubansa a Zongo. Ya tashi ya fita. Ya dawo gida ya ci tuwonsa. Washegari ya sayi rikoda mai kaset ya tafi wurin gwaggonsa, wadda ta ga zamanin da Zongo yashi ne da bukkoki. Na tambaye shi ko kotu zai kai kaset ɗin. Ya ce a'a, shi ba ruwansa da saurayin. Tsoronsa kada wata rana jikokinmu su ji maganar su yarda da ita.

Tun daga nan bai daina ba. Yana hawa zemijan da rikoda a cinya, in da ruwa ya rufe ta da babbar rigarsa shi ya jiƙe. Yana da tsari, ba ya sake shi. Zai gaisa har gaisuwa ta ƙare. Zai sha abin da aka ba shi. Zai roƙi a kashe fanka a kori kaji. Zai shimfiɗa hankici ya ɗora rikoda. Sannan ya danna, ya ce, "Bismillah. Faɗi sunanka da na mahaifinka, ka faɗa mini inda aka binne cibiyarka." Daga nan sai ya yi shiru. Shirun nan shi ne gwanintarsa. Tsoho zai yi ta kewaye-kewaye, Kawu ba zai ja shi ba, har ya iso inda yake son zuwa da kansa.

Tsohuwar nan mai goro labari ɗaya gare ta, yadda suka taso daga Salaga da jakuna tana goye. Duk lokacin da ta gan shi sai ta ce ta tuna wani abu, ya zo. Ya je, ta ba shi labarin nan dai. Ya ɗauka. Na ce masa ɓarnar kaset ce. Ya ce in saurara da kyau, kullum akwai mutum ɗaya da take ƙarawa a ayarin.

Mata kuwa tsoron rikodar suke. Sun lura duk wanda Kawu ya ɗauka ba ya daɗewa. Ba su lura tsofaffi yake ɗauka ba. In suka hango shi da jakarsa sai ka ji ana cewa a rufe ƙofa, ga ɗan aiken kabari nan. Inna ce shugabarsu. Shekara da shekaru yana lallashinta, tana cewa, "Malam, ni ban shirya ba tukuna. Je ka nemi waɗanda suka gaji." Shi kuma ya yi dariyarsa da ke ƙarewa da tari.

Da zamani ya sake, ya kwashe kaset-kaset ɗin ya zuba a inji, ya sa wa kowa sunansa da ajami, don tsofaffin Zongo ajami suke karantawa, garin da aka fito kuma da boko. Kowace shekara kafin azumi sai ya buga jagora ya rataye a shago. Mutum zai shigo ya bi da yatsa ya ce a sa masa babansa. Kawu ya sa, ya fita waje ya ba shi wuri.

Faɗa sau ɗaya muka yi, kuma a kan irin wannan rubutun da ya lalace ne.

Ƙungiyar direbobi ta kawo aikin katin shaida. Kowane hoto an sa masa sunan mai shi da garinsa. A lokacin, da baƙar taga muke aiki, wato wurin da ake rubuta wa inji umarni kai tsaye. Kawu ya rubuta jerin umarni da ke kiran sunayen hotunan, ya tare su a wani mazubi na cikin inji, daga nan a juye su a takarda. Mazubin nan shi Kawu ƙwarya yake ce masa, don abin da umarni ya furta a ciki ake tarawa. Ranar ya tafi jana'iza, ni na saki aikin. A taga sunayen lafiya lau. Da suka bi ta ƙwarya suka fito, duk harafin Faransanci mai alama a kai ya rikiɗe. Kétou ta zama K‚tou, Savè ta zama SavŠ. Direbobi suna waje suna jira, motoci suna kan layi. Na zauna na fara gyarawa da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Na kusa gamawa ya dawo.

Ya duba, ya sa yatsa ya share duka, a gaban mutane.

Na miƙe na ɗauki mayafina. Ya ce in zauna. Ya ce gobe za a kawo sababbin hotuna, jibi wasu, shin haka zan yi ta tsince har in tsufa? Ya ce kuma mai gyara da hannu wata rana zai gyara abin da bai lalace ba, ya sake wa mutum sunan da ubansa ya raɗa masa. Sannan ya nuna mini. Ya ce inji bai san harafi ba, lamba ya sani, kuma akwai allo fiye da ɗaya da ke cewa lamba kaza ita ce harafi kaza. Tun a teles ya san haka: in mai aikawa yana kan wani allo, mai karɓa yana kan wani, saƙo zai iso cikakke amma ba mai iya karanta shi.

"Uwata, abin bai lalace ba," ya ce. "Mai magana da mai saurare ne ba su daidaita ba. Ki nemi inda ya karye. Duba shi a gidansa, duba shi a taga, duba shi a ƙwarya. In a ƙwarya ne, to ki gyara kunnen inji tukuna, sannan ki tara."

Ya ƙara layi ɗaya a can sama, mai cewa chcp da lambar allon da ya dace, ya sake saki. Sunaye suka fito daidai. Direbobi suka karɓi katinsu suka tafi. Ni dai ban yi masa magana ba har mako ya juyo. Aiki nake yi, in ajiye masa a tebur. Shi kuma kullum da safe in tarar da ƙosai a leda kusa da madannai, bai ce shi ya ajiye ba. Har yau ina ganin bai kamata ya share a gaban direbobi ba. Na faɗa masa haka bayan shekaru. Ya ce gaskiyata ce, amma da bai share ba da ban riƙe ba. A nan muka bar ta, ba wanda ya sauka.

Da muka bar baƙar taga muka koma shuɗiya, wadda ta zo daga baya, layin ya sake. Ya zama wani dogon layi da ke ce wa taga ta saurari umarni da allon da ake kira UTF-8, wanda ya ɗauki boko da ajami gaba ɗaya. Ya sa na buga shi da hannuna har yatsuna suka haddace. Daga nan ban sake bugawa ba, don rubutu bai sake lalacewa a shagonmu ba.

Yanzu in dawo kan kwanakin makoki.

Na yi kwanaki ina buɗe shago in zauna gaban alamun nan in kasa komai. Ba wuya ce ta hana ni ba. Kujerarsa ce a gefena, da hular da ya bari a ƙusa. In na ɗaga hannu sai in ji kamar zai ce in dakata. Inna kuwa duk safiya in na je gaishe ta ba ta tambaya da baki. Hannuna take duba.

Ana gobe arba'in taubashina ya zo da safe da ɗan zemijan, zai ɗauki injin. Na ce ya zauna a kujerar ubansa. Ya ƙi, ya tsaya. Na ce to ya tsaya ya gani.

Da farko na duba abin a gidansa. Na buɗe faifai ɗaya da abin sauraro. Sunan ya bayyana a sama da ajami, cif, wasali bai faɗi ba. Na ce masa ya karanta. Ya karanta sunan wani mahauci da muka sani muna yara. Na ce in birus ne ya ci, wa ya mayar da wannan?

Sannan na duba a taga. Na kira umarnin da ke karanto sunaye shi kaɗai, ban tara masa ƙwarya ba. Ajamin dai taga ba ta taɓa iya zana shi da kyau ba, amma sunan garin da ke da alamar Faransanci ya fito daidai.

Daga nan na tara ƙwarya na leƙa ciki. Kusurwoyi da baƙin tabo. A nan ya karye.

Na buɗe jerin umarnin Kawu na duba sama. Layin kunne ba ya nan. Sai na gane abin da ya yi. Bai sa shi cikin jerin ba, ya ajiye shi a bakin ƙofar tsohon inji, wani ɗan wuri da taga ke karantawa duk sanda aka buɗe ta, don kada ni ko shi mu manta. Halinsa ne. Mutumin da ke ajiye buta cike da ruwa a ƙofar shago tun kafin a kira salla. Sabon inji bai san da wannan ba, da nasa kunnen ya zo.

Na ɗora yatsuna, suka tuna. Na buga layin. Na leƙa ƙwarya. Alamun suna nan yadda suke.

Taubashina ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kin gani ko? Bar shi haka, 'yar'uwa. Kin yi iyakar ƙoƙarinki." Ya daɗe bai kira ni 'yar'uwa ba.

Na ce masa wannan abin da aka tara tun ɗazu ne. Abin da ya shiga ƙwarya a karye ba ya miƙewa don an gyara kunne daga baya. Sai an zubar an sake tarawa. Na ɗauki layin na kai shi can saman jerin, gaba da kowane umarni. Na saki. Injin ya daɗe yana bin faifan. A waje ɗan zemijan yana danna oda.

Jagora ta buɗe. Ajami ne daga sama har ƙasa. Mahauta, madugai, masu goro, ladanai, ungozoma, wane ɗan wane daga Kano, wance 'yar wane daga Djougou, daga Salaga, daga Dosso, da masu yawa da aka rubuta musu Zongo kawai. Taubashina ya zauna a kujerar da ya ƙi ɗazu. Ya leƙa ya sallami ɗan zemijan.

Na nemi sunan Kawu. Babu. Na nema da laƙabinsa, na nema da sunan mahaifinsa. Mahaifin ya fito a bakin mutane da yawa, 'yan'uwansa sun fito, abokansa sun fito. Na bi jagorar da ido tun daga farko har ƙarshe, don ban yarda da injin ba. Mutumin da ya ɗauki Zongo kaf bai taɓa juya rikoda ya fuskanci kansa ba.

Inna ba ta fita, tana takaba. Da yamma taubashina ya ɗora injin a cinyarsa a bayan zemijan, ya rufe shi da rigarsa don ana yayyafi, muka kai mata ɗaki. Na durƙusa na faɗa mata gaskiya. Na ce sunaye sun dawo, ba wanda ya ɓata, amma Kawu ba ya ciki.

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce in sa mata mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ai ita ma ta yi kewarta. Na nemo lambar na danna.

Aka ji fankar da aka kashe tana ƙarasa juyawa, aka ji ta tsaya. Aka ji kaza. Sai murya ta ce, "Bismillah. Faɗi sunanki da na mahaifinki, ki faɗa mini inda aka binne cibiyarki." Mahaifiyata ta ce, "Haba Yaya, ba uba ɗaya gare mu ba?" Ya yi dariyar nan, tari ya biyo baya. Ya ce, "Faɗi dai. Ba don ni ba ne."

Carbin ya faɗi daga hannun Inna. Ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta ce in sake. Bayan haka ta ce in sa wani, kowane ne. Na sa mahauci, na sa mai goro, na sa ladan. A kowane faifai yana nan, a farko, da kuma can tsakiya inda yake cewa "to," ko "ina jin ka," ko "sai me ya faru?" Bai taɓa yin jimla uku a jere ba.

"Haka yake," in ji Inna. "Ko a ɗakin nan haka yake. Shekarun nan duka ni nake magana."

A nan ta yi kukan da ba ta yi a gaban mutane ba. Taubashina ya fita tsakar gida ya tsaya a cikin yayyafi.

An yi addu'ar arba'in. An mayar wa mai shago ɗakinsa. Injin ba a wanke shi ba, yana ɗakin Kawu, taubashina da kansa ya sayo wani rumbu aka kwafe komai. Layin kunne yanzu yana cikin jerin, a sahun farko, duk injin da aka kai shi zai tafi da abinsa. Masu cewa hatimi ne sun ce na san makarinsa. Na gaji da musu.

Bayan kwana biyu Inna ta aika in zo da rikoda. Na tarar ta yi wanka ta zauna a tabarma. Ta ce tun da bai faɗi nasa ba, ita za ta faɗa, daga ranar da ta fara ganinsa. Na tuna mata abin da take cewa game da rikodar. Ta ce ta sani, yanzu ba ta ƙi ba.

Na kashe fanka. Na kori kaji. Na shimfiɗa hankicinsa na ɗora rikoda na danna. Na buɗe baki in faɗi abin da ake faɗa, murya ta ƙi fita. A faifan, in ka saurara, akwai dogon shiru a farko. Nawa ne. Sannan za ka ji Inna ta ce, "Bismillah," ta faɗi sunansa da na mahaifinsa, ta ce an binne cibiyarsa a Zongo, bayan ɗakin da muke zaune.

Allah Ya saurari Kawu da rahama yadda ya saurari bayinSa da haƙuri. Ya yalwata masa makwanci, Ya haɗa shi da waɗanda ya riƙe wa magana, Ya ba Inna juriyar sauran kwanakin. Wanda ya karanta wannan, in nasa yana cikin injin, ƙofa a buɗe take bayan la'asar. In ya zo, ya yi wa mai tambayar addu'a.